A Mayar Wa Ɗan Kallo Gurbinsa A Fagen Kokawa

Na san wani zai ce, duk matsalolin da suka dami ƙasar Jibiya a rasa abin da za a yi rubutu a kai sai kokawa? To, ina roƙo a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin a cikin maganar kokawa akwai maganar zumunci, da tarihi, da kuma abin da za mu gada daga kakanninmu.

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a garinmu Magama tsakanin dattawa da samari. Dattawa suna cewa kallon kokawa ya mutu, suna kawai ya rage. Samari kuwa suna cewa ai kokawa ba ta taɓa samun ɗaukaka irin ta yau ba, tun da ga ta a talabijin, ga ta a waya, ga kuma miliyoyin kuɗi ana ba wanda ya ci. Na saurari kowane ɓangare, kuma a ganina kowa da tasa gaskiyar, amma ta dattawa ta fi nauyi. Ɗan kokawa ya ci gaba, wannan babu shakka. Ɗan kallo ne aka bari a baya. A da shi ma yana cikin wasan, yana da aikin da yake yi. Yanzu kuwa an mai da shi mai sayen tikiti, ko mai leƙen waya.

Bari mu fara da yadda abin yake a da, kamar yadda na ji daga bakin kakana da abokan hirarsa. Kokawa wasan kaka ce. Sai an yi girbi, an ɗaure dammunan gero an kai rumbu, ciki ya cika hankali ya kwanta, sa'an nan samarin wani ƙauye su aika wa na wani ƙauye da goron gayyata. Ran wasa, da la'asar sakaliya, sai a ji ganga ta tashi a dandali ko a bakin kasuwa. Ba ƙofa, ba katanga, ba mai karɓar kuɗi. Jama'a da kansu su ne katangar. Yara su zauna a ƙasa daga gaba, manya su tsaya a bayansu, mata da 'yan mata su kama gefe guda, masu tallan gyaɗa da rake da fura suna kewayawa.

A wannan fage ɗan kallo yana da aiki har huɗu. Na farko, shi ne alƙali. Tsofaffin 'yan kokawa waɗanda suka rataye warki su ke zama a gaba, in an yi jayayya ko an yi kaye ko ba a yi ba, su ake duba, kuma abin da suka faɗa ya zauna. Na biyu, shi ne mai biya. In mutum ya yi kaye mai kyau, sai ka ga wani ya ratsa fage ya yi masa kari da kuɗi, ko goro, ko hula, wani ma har da riga, sa'an nan ya juya ya sallami makaɗi. Ɗan kokawa da makaɗinsa daga hannun jama'a suke ci, saboda haka jama'a suke ƙoƙarin burgewa. Na uku, shi ne mai masauki. Baƙin da suka zo daga nesa a kan rarraba su gida gida, a yi musu tuwo, su kwana. Ta haka aka ƙulla abota da ciniki, kai har da aure. Na huɗu kuma, wanda ya fi duka muhimmanci a wurina, ɗan kallo shi ne littafin tarihin wasan. Ya san wane ɗan wane ne, ya san wanda ya kayar da uban wane a shekara kaza. In makaɗi ya ɗauko kirarin wani gida, ya san inda aka dosa, tsikar jikinsa ta tashi tun ba a kama ba.

Kuma a wancan zamani iyaka ba ta hana kowa zuwa kallo. Layin da Turawan Ingila da na Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ya raba ƙasa ne, bai raba dangi ba. Mun karanta a darasin tarihi cewa sarakunan Katsina na da, bayan jihadi, su suka je suka zauna a Maraɗi, har yau kuma sarautar can Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce mata. Mutumin Magama in ya bi hanyar Ɗan Isa zuwa Madarunfa ko Maraɗi, gidan kawu ko gwaggo ya tafi. Mu mu ce kokawa, su su ce kokowa, amma ganga ɗaya muke ji.

Babban sauyi ya fara ne a 1975, lokacin da gwamnatin shugaba Seyni Kunce ta Nijar ta shirya gasar kokawa ta ƙasa baki ɗaya a birnin Tawa, aka sa takobi ya zama kyautar wanda ya kayar da kowa. Mutumin Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin, watau Yakuba Ango wanda aka fi sani da Kantu, kuma sunansa aka sa wa filin kokawa na Maraɗi. Daga nan sunaye irin su Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade na Tawa, da Langa-Langa na Damagaram suka shiga kowane gida, har da gidajenmu na wannan gefen iyaka. Rediyo ne ya kawo su. Dattawanmu sun ce a kan taru a ƙofar gidan mai akwatin rediyo a kama Muryar Sahel, a yi tsit, in an yi kaye a ɗauki sowa kamar ana gani. In kuma zagaye ya zo kan Maraɗi, sai a cika mota a tafi, domin gani ya kori ji.

Gasar ta ci gaba da girma. Jihohi 8 na Nijar kowace ta kan kawo 'yan kokawa 10, watau mutum 80 ke nan, a yi kwanaki ana gwabzawa, a 'yan shekarun nan a ƙarshen watan Disamba. Gidan talabijin na Tele Sahel yana nunawa kai tsaye. Kadri Abdu na Doso, wanda ake kira Isaka Isaka, ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a Disambar 2023, kuma babu yaron da bai san fuskarsa ba a Magama. A Nijeriya ma an shigar da kokawa da dambe da langa cikin gasar wasanni ta ƙasa.

Tilas a faɗi gaskiya, wannan tsari ya kawo alheri mai yawa. Kokawar da ba ta rasa nata aibin ba. Dattawan da kansu sun yarda cewa wani lokaci a kan tashi baram-baram, a yi doke-doke tsakanin ƙauye da ƙauye saboda son kai na masu gari. Yanzu akwai alƙalin wasa da usur da agogo, akwai da'ira ta yashi da aka kewaye da buhuna, akwai likita a gefe. Ɗan kokawa da a da yake komawa gida da 'yan sulalla da goro, yau yana iya samun miliyoyin sefa ya gina gida ya riƙe iyayensa. Tsohuwa da ba ta iya fita, da majinyaci a kan gado, da ɗan ci-rani a Legas ko Kumasi, duk suna iya gani. Wanda ya ce wannan ba ci gaba ba ne bai yi adalci ba.

Amma fa a duba abin da ya sami ɗan kallo a cikin wannan ci gaba. Da fari dai an raba shi da fage. A manyan filaye na birni akwai katanga da ƙofa da jami'an tsaro. Inuwa da kujeru na manyan baƙi ne, talaka yana can sama a rana. Tsohon da ya yi shekara hamsin yana kallon kokawa, wanda zai iya gaya maka wanda zai faɗi tun daga yadda ya dasa ƙafa, ba mai tambayarsa kome. In ba shi da kuɗin shiga ma, a waje zai tsaya. Karin da talaka yake yi da hannunsa ya koma sanarwa a lasifika, cewa Alhaji wane ya ba da kaza, mai girma wane ya ba da kaza. To, wanda yake da ɗari biyar a aljihu ina zai sa kansa? Sai ya ji kunya ya mayar.

Na biyu, an rage wa ganga murya. Makaɗan fage, irin su Sagalo da ya yi suna a kokawar Nijar, su ne suke haɗa ɗan wasa da 'yan kallo. Suna nan har yanzu, da 'yan cali-cali masu ba da dariya, amma sau da yawa lasifika ta kan danne su da tallace-tallace da dogayen jawabai. Mu kuma yara ko mun ji kirari ba mu san fassararsa ba, domin ba mu zauna kusa da wanda zai fassara mana ba.

Na uku shi ne waya. Yawancinmu abin da muke kira kallon kokawa shi ne ɗan guntun hoton bidiyo na rabin minti da wani ya turo mana a WhatsApp ko Facebook. Kayen kawai muke gani. Ba mu ga yadda aka yi ta zagaye ana auna juna ba, ba mu ga dabarar da aka ɗana tun farko ba, ba mu ga yadda wanda ya yi kaye ya miƙa hannu ya ta da abokin karawarsa ba. Kamar mutum ne a ba shi shafin ƙarshe na littafi a ce ya karanta littafi. Kowa kuma shi kaɗai yake kallo, kansa a sunkuye. Ko wanda ya samu shiga fili, sai ka ga ya ɗaga waya yana ɗauka, hannun da zai yi tafi da shi ba ya nan. Bugu da ƙari, ta wannan hanya caca take shigowa cikin wasanni, ta yadda yaro zai so wane ya faɗi don kawai ya sa kuɗi a kan wancan.

Na huɗu, wanda ya fi shafar mu mutanen bakin iyaka, shi ne hanya. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu, ta Jibiya kuwa ba a buɗe ta ba sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ran 26 ga Yuli, 2023, aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Ga kuma bala'in 'yan bindiga da ya tashi ƙauyuka da dama, ya hana noma a wasu wurare, ya sa taron dare ya zama abin tsoro. Inda ba a yi girbi ba, wa zai kaɗa gangar kaka? Wayar ma da muke taƙama da ita, a Satumbar 2021 an yanke layukan sadarwa a Jibiya da wasu ƙananan hukumomin Katsina na tsawon watanni saboda matsalar tsaro. Mu da muka tashi a cikin wannan hali tun muna firamare, da yawa daga cikinmu ba su taɓa tsayawa a da'irar kokawar ƙauye ba ko sau ɗaya.

Kada a zaci mu kaɗai abin ya shafa. A Ingila akwai wani wasa da ake kira zari-ruga, wanda ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, mutum ya sure ta ya ruga, abokan hamayya su tare shi su kayar. Kusan a ce kokawa ce da gudu. Fiye da shekara ɗari ƙa'idar babban reshen wasan ita ce ba a biyan ɗan wasa albashi, sai a 1995 aka soke wannan ƙa'ida. Daga nan kuɗin kamfanoni suka shigo, tikiti ya yi tsada, lokacin wasa ya koma yadda masu gidajen talabijin suke so. A 2024 babban filinsu na Tuwikinham a birnin Landan, mai cin mutum 82,000, aka sa masa sunan kamfanin inshora na Allianz. Tsofaffin magoya bayansu irin kukan kakanninmu suke yi, cewa fili ya yi kyau amma ya daina zama nasu. Nan kusa da mu ma, damben gargajiya ya koma gidajen dambe masu ƙofa da tikiti a Kano da Abuja da sauran birane, kuma ana kallonsa a YouTube har ƙasashen Turai. Ashe ko'ina kuɗi ya shiga wasa, ɗan kallo na asali shi ake fara turawa baya.

Wani zai ce, ai in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kukan me ake yi? Ni ban ce a rushe filaye ko a fasa talabijin ba. Abin da nake cewa shi ne akwai hasara iri biyu da za mu yi in muka bar ɗan kallo ya ɓace.

Hasara ta fari ita ce tarihi. Kokawarmu da dambenmu yawanci ba a rubuce suke ba. Yau mutanen da ba su taɓa ganin Shago ba sun san sunansa, saboda Ɗan Anace ya waƙe shi, kuma 'yan kallo sun riƙe labarinsa suna ba 'ya'yansu. To, jaruman ƙauyukanmu da ba su samu shiga faifai ba fa? Sunayensu suna cikin kawunan tsofaffi ne kawai, kuma duk tsohon da aka kai makwanci ya tafi da nasa kason.

Hasara ta biyu ita ce wasan kansa. Kantu da Salma ba a filin siminti aka haife su ba. Duk wanda ya ɗauki takobi a dandalin ƙauye ya fara, inda ya ga yayyensa suna yi ya kwaikwaya, dattawa suka gyara masa kamu. Ɗan kallon yau shi ne ɗan wasan gobe. In yara suka daina zama a gaban da'ira, nan da shekara ashirin za a sami fili mai kyau da kyamara mai kyau, a rasa wanda zai shiga. Rijiya in idonta ya toshe, kyawun bakinta ba ya ba da ruwa.

Na san kuma akwai iyayen da ba su son kokawa saboda layu da guraye da ake ɗaurawa, da kuma wasa da lokacin salla. Wannan damuwa tana kan hanya. Amma gyara ake yi, ba a zubar da abin duka ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa ya zo a littattafan hadisi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da wani ƙaƙƙarfa mai suna Rukana ya kayar da shi. Sai a ajiye layu, a tashi kafin magariba, a bar ƙarfi da dabara su yi aiki.

Saboda haka ga shawarwarina. Ga hukumar makarantarmu da sauran makarantu, ina roƙon a sa kokawa cikin gasar gidajen kwana, kamar yadda ake yin ƙwallon ƙafa da guje-guje. Ba ta bukatar kome sai yashi da usur. A yi ta a ƙarshen zangon farko, lokacin da ya dace da kaka, a gayyaci iyaye, a kuma gayyato tsofaffin 'yan kokawa biyu ko uku su zauna tare da malamin wasanni su yi alƙalanci.

Ga Ƙungiyar Hausa, a ba kowane ɗalibi aikin hutu: ya sami dattijo ɗaya a garinsu ya rubuto sunayen 'yan kokawar garin na da, da kirarinsu, da sunayen kamu iri iri, da garuruwan da suke zuwa wasa. A buga abin da aka samu a wannan mujalla shekara shekara. Nan ne waya za ta yi mana amfani na gaske, domin da ita za a naɗi muryoyinsu.

Ga iyayenmu dagatai da masu unguwanni, duk inda aka sami sauƙin tsaro a farfaɗo da kokawar kaka, ko da ta yini ɗaya ce, da rana tsaka, ba tare da kuɗin shiga ba. In hali ya yi a aika wa 'yan'uwa na Ɗan Isa da Madarunfa da goron gayyata. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ban san wata hanya da ta fi wannan arha ba wajen gyara abin da rufe iyaka ya ɓata.

Ga masu shirya manyan wasanni, a keɓe wa tsofaffin 'yan kokawa da dattawa wuri a gaba, su shiga kyauta. A taƙaita jawabai, a kashe lasifika in makaɗa sun ɗauka, a bar wa talaka ƙofar yin karinsa kome ƙanƙantarsa, a kuma nisanta caca daga fage.

Mu kuma 'yan'uwana samari, namu ya fi sauƙi. In Allah Ya kai mu wurin kokawa, mu sa waya a aljihu, mu nemi tsoho mu zauna kusa da shi, mu yi tambaya. In ma a talabijin ne, kada mu kalla mu kaɗai. Mu kira kakanninmu, mu ba su kujerar gaba, mu ji abin da za su ce. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma zumar nan ba ta da yawa da ta rage.

Daga ƙarshe ina roƙon Allah Ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa a ƙasar Jibiya da Katsina da Maraɗi, Ya ba mu damina mai albarka da kaka mai yalwa, Ya ja kwanan iyayenmu da malamanmu. Amin.